Tururuwa a Kofin Gwaggo

Kwana ashirin aka hana ni shayar da ɗana na fari, kuma tururuwa ce ta yanke hukuncin. Ba likita ba, ba malami ba, tururuwa baƙa irin wadda ke jan ƙwayar gero a gindin rumbu. Shekaru sun ja, har na aurar da 'ya'ya, amma duk ranar da na tuna sai in ji raina ya ɓaci kamar jiya aka yi abin.

A bazarar shekarar da aka fara aiki da shari'a a jiharmu ne. Ina koyarwa a wata firamare a Kaura Namoda, muna haya kusa da tashar jirgin ƙasa. Maigidana malamin dabbobi ne, duk Alhamis yana kasuwar Shinkafi yana duba shanu a kara. Da cikina ya kai wata takwas aka kai ni gidanmu a Zurmi, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari, in haihu a gaban iyaye, in yi wanka, sannan in koma ɗakina.

Gidan namu a hannun Gwaggo yake, yayar babanmu. Tun da Baba ya rasu ita ke faɗa a ji. Doguwa ce, ta je Makka sau ɗaya, kuma rabin yaran unguwar ita ta yanke musu cibiya. Ba muguwa ba ce, wannan zan faɗa don kada in ɗauki alhakinta: in ba ki da lafiya Gwaggo ba ta barin kanki sai kin tashi. Amma Allah bai halicce ta da kunnen jin maganar wani ba. Inna kuwa, mahaifiyata, ta yi shekara talatin a gidan tana takawa a hankali kamar baƙuwa. 'Ya'yanta biyu na farko sun rasu suna jarirai, kuma Gwaggo ta daɗe da yanke cewa nonon Inna ne ya kashe su. "Nonon gidansu na da dahi," haka take cewa, ko Inna na zaune a wurin. Ni da na rayu, a wurin Gwaggo jiƙon da ta ba Inna ne ya raya ni.

Na haihu ranar Talata da hantsi, namiji, ƙato, gashi cike da kai. Kukansa sai da ya shigo da maƙwabta barka tun ba a aika musu ba. Ban yi mamaki ba da aka ce ba zai sha nono ba sai bayan kwana uku. Haka ake yi wa kowa a wurinmu a lokacin. Ruwan nan na farko mai kauri, dakashi, ana cewa ƙazanta ne, sai a matse a zubar, a riƙa ɗiga wa jariri ruwan dabino da madarar akuya. A kwaleji an gaya mana ba haka ba ne, har na rubuta a jarrabawa na ci. Na yi shiru, na ce a raina kwana uku ne kawai.

Shirun nan yana da tushe, kuma dole in bayyana shi don yaran yanzu ba za su gane ba. Ɗan fari ba a nuna ana son sa. Ba ki kiran sunansa, ba ki ɗaukarsa a gaban mutane, in an shigo barka ki juya fuska bango kamar wata ce ta haihu. Macen da ta buɗe baki ta tambayi lafiyar ɗanta na fari a gaban manya, sai a shekara ana ba da labarin rashin kunyarta a gidajen suna. Da wannan aka rene ni, kuma ina taƙama da kunyata. Saboda haka yaron a ɗakin Gwaggo yake, ni ina ɗakin Inna, katanga ɗaya tsakaninmu.

Ran kwana uku, bayan wankan safe, Gwaggo ta shigo da wasu tsofaffi biyu na unguwa. A hannunta akwai ɗan kofin tangaran fari mai bakin zinariya, wanda ta zo da shi daga Makka, ba a shan komai da shi sai zamzam. Ta ce in matsa nono a ciki. Na matsa har ya kai rabi. Ta fita gindin rumbu ta kamo tururuwa ta jefa. Ƙa'idar ita ce in tururuwar ta fito da ranta, nono lafiya lau yake. In ta mutu a ciki, akwai dafi.

Muka zuba mata ido, mu biyar. Ta yi ta wutsil-wutsil, ta kai gefe ta kama, ta zame, ta sake kamawa ta sake zamewa. Can ta lanƙwashe ta daina motsi.

"Kun gani ko?" in ji Gwaggo, tana kallon Inna, ba ni ba. "Abin da nic ce na. Gado na. Wanga yaro ba shi shan nononga sai an wanke shi."

Inna ta sunkuyar da kai. Tsofaffin suka yi salati, ɗaya ta ce Allah ya taimaka da aka gwada. Ni kuwa ƙirjina ya cika tam, zanena ya jiƙe, yaron yana tsala kuka a bayan katanga, kuma ban ce uffan ba. Malamar makaranta guda, mai takardar shaidar koyarwa, wadda in yaro ya kawo mata shirme a aji sai ta tsayar da shi ya faɗi dalili, ga ta zaune an kashe tururuwa a gabanta an ce hujja ce, ta amsa da shiru. Wannan shirun nawa ne, ba na ɗora shi kan kowa.

Wankin nono kuwa shi ne a ba ki jiƙon sassaƙe mai ɗacin tsiya safe da yamma, a shafa miki wani a ƙirji, ki matse nonon ki zubar a wani ɗan rami bayan ɗaki, bayan kwana bakwai a sake gwadawa. Abin haushin, duk sauran hidimar jego ba a rage ko ɗaya ba. Wanka da tafasasshen ruwa da ganyen dogonyaro a cikin zafin bazara, kunun kanwa kwano guda, ƙauri da yaji, gasasshen nama. Duk abin da ke kawo ruwan nono ana ɗura mini, ni kuma ina zagayawa bayan ɗaki ina zubar da shi a ƙasa.

Ranar suna maigidana ya zo da rago da atamfofi, da wani kwali da ya riƙo da kansa bai ba kowa ba. Gwaggo ta riga ta aika masa da labari. A cikin kwalin akwai gwangwanayen madarar jarirai huɗu da ya saya a kasuwar Shinkafi wurin masu shigo da kaya daga Nijar, da bulumboti na shayar da jariri, da filas sabo. Mata suka yi ta karɓar gwangwanin hannu zuwa hannu suna kallon hoton jaririn da ke jiki, ƙato mai kumatu. Ana ta cewa ɗan gata, ɗan ma'aikata, madarar Nasara zai sha. Rubutun jikin gwangwanin duk Faransanci ne. A taron nan kaf babu mai karanta shi, har ni, har shi da ya sayo.

Da yamma aka bar mu mu gaisa a ɗakin Inna, minti kaɗan. Na sha jin sa yana faɗa da Fulani makiyaya kan su bar maraƙi ya sha nonon farko na uwarsa, yana ce musu in ya rasa shi ba zai yi ƙwari ba. Sai na yi ƙasa da murya na ce, "Malam, ba kai ka hwaɗa ma Hillani kas su hana maraƙi dakashi ba? To ga naka an hana."

Ya yi ɗan murmushi. "Wannan maganar bisashe ta. Sha'anin biƙi na mata na, ba ni shiga. Ki bi abin da manya sunka ce, kwana nawa na? Ai ga madara nan na kawo, mai kyau ta."

Har yau ina tare da shi, mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Amma da saniyar wani ce aka yi wa abin da aka yi mini, da ya tayar da babur ya shiga har ruga ya yi masifa. A kan ɗansa sai ya ce sha'anin mata ne, ya koma Kaura yana jin ya yi abin da uba ke yi.

Gwaggo ce ke haɗa madarar. Malam ya duba lambobin jikin gwangwanin ya ce yana ganin cokali uku ne na awon da ke ciki. Gwaggo ta gwada sau ɗaya ta ce ta yi kauri, za ta ƙulle wa yaro ciki, ta mayar da shi cokali ɗaya a cika bulumboti. Ruwan kuwa na randa ne, wanda ake ɗebowa daga rijiya, sai ta surka da na filas don ya yi ɗumi. In yaro ya sha ya rage, a ajiye sauran a kan taga har ya sake nema, don ba a zubar da abinci. A zafin Zurmi na bazara, wanda ko tuwo ba ya kai yamma. Ina ganin duk wannan ta ƙofar ɗaki. Ni da nake sa yaran aji huɗu suna rera waƙar a tafasa ruwa kafin a sha.

Ran kwana goma aka sake gwaji, a kofin nan dai, tururuwa ta mutu. Aka ƙara mini ɗacin jiƙo.

Wajen kwana goma sha biyu ya fara zawo. Ba wanda ya gaya mini, kuma ba ni da bakin tambaya. A igiyar shanya na gani. Tsummokaran da ake shimfiɗa masa, da can huɗu ko biyar ake wankewa a yini, sai na ga igiya ta cika har an ɗora wasu kan dangar kara. Na koma kullum ina leƙa igiyar nan kamar ɓarauniya. Sannan kukansa ya sauya. Yaron da ke tayar da unguwa ya koma wani ɗan siririn kuka kamar na ɗan kyanwa, ya yi kaɗan ya yi shiru. Na ji Gwaggo tana ce wa wata mai barka zafi ne, kowane yaro na yi, ta ba shi jiƙo.

A tsakar gida akwai rediyo da ba a kashewa. Lokacin garin cike yake da murnar shari'a, ni ma ina cikin masu murna, har gobe ba na nadamar wannan. Malamai suna ta wa'azi kan mudun awo, kan giya da caca, kan tsawon hijabi, kan inda mace za ta zauna a mota. Ina kwance ƙirjina kamar dutse ina saurare, ina jiran wani ya tuna cewa a Littafin Allah an yi maganar uwa ta shayar da ɗanta shekara biyu, kuma ba a ambaci tururuwa ba. Ba wanda ya tuna. Shari'a ta shiga kasuwa, ta shiga tasha, amma ba ta wuce zauren gidanmu ba. Abin da ke cikin gida an bar wa tsofaffi, kamar ba rayuka ne a wurin ba.

Ran kwana goma sha bakwai aka yi gwaji na uku. Wannan karon ban kalli Gwaggo ba, tururuwar na kalla. Na ga ba shan nonon take yi ba balle ya kashe ta. Fita take son yi, cikin kofin ne ke da santsi, ƙafafunta ba su samun abin kamawa, har ta gaji ta nutse. Da na zagaya bayan ɗaki in zubar da na ranar, sai na tsuguna na dubi ramin da kyau. Tururuwa ne baƙi ƙirin a bakinsa, sun yi hanya tun daga gindin katanga, suna shan abin da nake zubarwa tun mako biyu suna komawa lafiyarsu lau. Ko gawa ɗaya ban gani ba. Na daɗe a tsugune a wurin. Kuma duk da haka sai da na ƙara kwana uku ban yi magana ba, ina juya yadda zan faɗa ba tare da an ce na yi rashin kunya ba.

Ranar Litinin, yana da kwana ashirin, aka kira Gwaggo wani gida karɓar haihuwa. Tana fita, Inna ta shiga ɗakin Gwaggon ta ɗauko yaron, ta ajiye mini a kan gado, ta fita ta ja labule. A iya sanina wannan ne karo na farko da Inna ta taɓa yin abin da Gwaggo ba ta sa ta ba.

Na buɗe zanen. Rabona da in gan shi da kyau tun ranar suna. Maɗigarsa ta faɗa ciki, idanunsa sun zurma, leɓɓansa sun bushe. Na ɗan ja fatar cikinsa, ta tsaya a yadda na ja ta. Wannan ba yaron da na haifa ba ne, rabinsa ne. A nan kunyar ta fita daga jikina gaba ɗaya, ban ma san lokacin da ta fita ba. Abin da ya maye gurbinta fushi ne.

Na shiga ɗakin Gwaggo na ɗauko kofin da ba mai taɓawa, na ɗauko bulumbotin daga taga, na zaro ludayin duma a madafa. Bayan la'asar ta dawo, mata na zaune a tsakar gida suna ɓarar gyaɗa. Na fito da yaron a kafaɗa. Tun daga nan aka fara kallon-kallo.

"Gwaggo," na ce, "ki tsaya ki ga wani abu."

Na tsiyaya madarar gwangwani a kofin, na kamo tururuwa na jefa. Ta yi abin da 'yan'uwanta suka yi, ta kama ta zame, ta kama ta zame, ta mutu. Na juya baya na matsa nonona a ludayin, na jefa wata. Cikin duma yana da kaushi. Ko minti ba ta yi ba ta hau gefe, ta bi ta kan hannuna ta sauka ƙasa ta kama gabanta.

"Da anka yi gwajin ga tun zamanin kakanni, a ƙoƙo aka yin shi," na ce. "Kohinki na ka kashe su, Gwaggo, ba nonona ba. In dahi na, to madarar da kike ba shi ma dahi ta."

Na ɗauka za ta girgiza, wallahi na ɗauka. Sai ta ɗauki kofinta ta duba ko na fasa, ta ce, "Madarar Nasara ba a gwada ta, su sun gwada abinsu. Kuma kohin da anka sha zamzam da shi ba shi ƙarya. Ke dai boko ya ɗebe maki kunya."

Na zauna kan turmi a tsakiyar gida, a gaban kowa, na ce, "Ɗana na. Ni nih haihe shi." Na sa masa nono a baki.

Wata tsohuwa ta rufe fuska da gyale. Gwaggo ta ɗaga murya ta ce, "Ku shaida, ba ruwana. Duk abin da yaf faru, ku shaida na hana."

Da farko bai kama ba, ya saba da robar bulumboti. Na matsa masa a leɓe, ya lasa, ya lalubo, ya kama. Ya ja sau uku ko huɗu ya gaji ya saki. Ban taɓa jin daɗi da ciwo a haɗe irin na wannan lokacin ba. Na ci gaba da ba shi, in ya gaji in ɗiga masa da cokali. Amma zawon bai tsaya ba, kuma abin da ke shiga bai kai abin da ke fita ba.

Washegari na ce Kaura za ni. Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, aka ce mini, na ce to a rubuta wannan ma a cikin laifuffukana. Inna ta yafa mayafi ta biyo ni. A kwanakin, saboda dokar shari'a, 'yan kabu-kabu suna tsoron ɗaukar mace a babur, saboda haka a ƙafa muka taka har tasha, ni da ɗanyen jiki. Motar da muka samu kujerun maza sun cika, ana jiran na mata a baya su cika. Tun hantsi muke zaune sai bayan azahar ta tashi. Ina riƙe da shi a cikin hijabi ina ba shi nono, ina sa yatsa a hancinsa lokaci-lokaci.

A gidan da muke haya akwai maƙwabciyata, Kirista ce daga Filato, nas a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Kowa Sista yake ce mata. Wurin aikinta na nufa kai tsaye. Ta karɓi yaron ta duba, fuskarta ta sauya. Ta tambayi abin da yake sha, na nuna mata gwangwanin. Ta tambayi cokali nawa, da wane ruwa, na gaya mata. Ta tambayi abin da ya sami nonona, na gaya mata wannan ma.

"Tururuwa?" ta ce. "Malama, tururuwa? Ke fa kin yi karatu!"

Ba ta faɗa don ta ci mini fuska ba, idonta ya kawo ruwa. Amma maganar ta shige ni fiye da duk abin da Gwaggo ta taɓa faɗa, don gaskiya ce. Tana neman jijiya tana faɗa. Ta ce madarar ba ita ce abokiyar gaba ba, ɗan ƙanwarta da uwarsa ta rasu wurin haihuwa da ita aka rene shi, ga shi can yana makaranta. Amma da tafasasshen ruwa, da cikakken awo, da kwalba mai tsabta, kuma ga wanda ba shi da nono. "Wannan yana da uwa, uwa tana da nono har yana zuba, kuka ba shi ruwan rijiya mai launin madara." Ba ta samu jijiya a hannu ba, sai a kai aka sa masa ƙarin ruwan, aka aske gefen gashin nan nasa.

Malam ya zo da gudu daga wurin aiki. Da ya ga yaron sai ya zauna a ƙasa, a kan siminti, ya riƙe kai. Kwana biyu muka yi a asibitin. Ran Laraba har ya buɗe ido ya kama nono da ɗan ƙarfi, Inna ta yi hamdala, ni ma na fara sa rai. Ranar Alhamis kafin azahar ya cika a hannuna. Kwanansa ashirin da uku.

Na san rai na Allah ne, ba sai an tuna mini ba, kuma an tuna mini ya fi sau ɗari. Na yarda da ƙaddara. Amma wanda ya bar rijiya a buɗe yaro ya faɗa, ba ya tsayawa a bakinta yana yi wa mutane wa'azin ƙaddara.

Ran Juma'a mutanen Zurmi suka zo gaisuwa, Gwaggo a gaba. Ta yi kuka na gaske, don tana son yaron, ita ta yi ta jiyyarsa. Mata sun cika ɗaki da tsakar gida, maƙwabta da malaman makarantarmu. Wata ta tambayi abin da ya same shi. Gwaggo ta share hawaye ta ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji:

"Kwana ashirin shina hannuna da rai nai. Kwana ukku tab ba shi nonon. Na hana, akwai shaidu."

Sai na ga kawuna suna gyaɗawa. Lissafin ya yi musu daidai. Na miƙe, zanena a jiƙe don nonon bai san an yi rasuwa ba, na ce, "Gwaggo, tashi ki hita gidana."

Inna ta kama ƙafata tana kuka. Na sake faɗa, da ƙarfi. Gwaggo ta tashi ta yafa mayafinta ta fita, mutanen Zurmi suka bi ta. Malam ya raka su har tasha yana ba da haƙuri. Kuma abin da aka riƙe ke nan. Daga Zurmi har Kaura, in an tuna wannan rasuwar, ba a tuna kofi, ba a tuna cokali ɗaya a cikin bulumboti. Ana tuna 'yar boko da ta shayar da ɗan fari a kan turmi, ta kashe shi da taurin kai, ta kori yayar ubanta a zaman makoki.

Bayan shi na haifi huɗu, duk a Kaura, ban sake zuwa wanka gida ba. Kowannensu tun ba a goge shi da kyau ba nake sa shi a nono, da dakashin da komai, kuma kowanne sai da ya kusa shekara biyu na yaye shi. Duk suna raye. Da labari ya kai wa Gwaggo sai ta ce ai dole, jiƙon da ta ba ni ne ya wanke nonon daga baya. Amma akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Ranar da aka miƙo mini ta biyun, na ɗaga riga, sai hannuna ya tsaya. Na ga tururuwa a bakin rami da idona, na ji bayanin Sista, na san gaskiya sarai, amma wata murya a cikina ta ce: in kuma Gwaggo ce ke da gaskiya fa? Wata shida ina shayar da yarinyar nan ina duba maɗigarta. Gwaggo ta sa na ji tsoron jikina a kan 'ya'yana, kuma wannan ya fi komai tsaya mini a rai.

Shekara goma sha ɗaya ba mu yi magana ba. In na je Zurmi in gaida Inna in fito, ɗakin Gwaggo ko kallo. Sai wata rana aka aiko cewa tana kwance, jiki ya yi tsanani, kuma ni take kira. Inna ta haɗa ni da Allah in zo. A mota ina ta shirya abin da zan ce in ta nemi gafara. Na yanke cewa zan yafe. Kalma ɗaya kawai nake so, ta ce ta yi kuskure, ko a kunne ta raɗa mini, ba sai kowa ya ji ba.

Na same ta ta ƙanƙance a kan gado, mata zagaye da ita. Ta gane muryata. Ta lalubo hannuna ta riƙe gam, ta ɗauki lokaci tana tara numfashi.

"Na aika a kira ki don kar in tahi da ke a raina," ta ce. "Abin da kinka yi ma yaron ga, da wanda kinka yi mani gaban mutane, na yahe maki. Ƙuruciya ta. Allah ma shi yahe maki."

Ɗakin ya ɗauki kabbara. Wata tana kuka tana cewa kun ga zuciyar Musulmi. Wata ta taɓa ni ta ce, "Ki ce kin gode mana." Na dubi Inna, ta tsufa ita ma, idonta na roƙona. Na dubi hannun da ke riƙe da nawa, duk ƙashi.

Na ce, "Na gode, Gwaggo. Allah shi yahe muna baki ɗaya."

Bayan kwana biyar ta rasu, hankalinta kwance. Dangi har yau suna cewa Allah ya sa mun rabu lafiya. Ni kaɗai na san abin da na faɗa a ɗakin nan bai kai zuciyata ba, kuma na yi ta addu'a ya kai, har yanzu bai kai ba.